Rasuwar Malam Falalu Ɗan Juma da Saƙon da Ya Tsaya a Gindin Tsamiya

ƘUNGIYAR 'YAN GUDUN DAJI TA MAFARA, BAKURA DA MARADUN
Laraba, 21 ga Maris, 1984

Zuwa ga iyalan marigayi, da masu girma iyayen ƙasa, da jama'a baki ɗaya.

Cikin alhini mai nauyi, da gajiyar zuciya da ta jiki, da kuma miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar 'Yan Gudun Daji ta Mafara, Bakura da Maradun, a ƙarƙashin Uban Ƙungiya, Mai Girma Sarkin Fawa Alhaji Jibo Nagode, da Shugabanta, Malam Yari Damri, ta karɓi labarin rasuwar malaminta, wanda ya kafa ta da ƙafarsa, ya raine ta da haƙurinsa, kuma ya fi kowa a cikinta tsawon numfashi, wato Malam Falalu Ɗan Juma, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Litinin, biyar ga wannan wata, a gidansa da ke unguwar mahauta a Talata Mafara, bayan jinyar kwana goma, yana da shekara arba'in da bakwai a duniya. An yi masa sutura bayan sallar azahar a wannan rana, kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙungiya ta san cewa yau kwana goma sha shida ke nan da rasuwar, ta kuma ji abin da ake faɗa a rumfunan kasuwa, cewa 'yan gudu sun fi kowa nawa wajen yi wa malaminsu ta'aziyya. Ba mu ga laifin masu faɗa ba, don gaskiya suka faɗa. Dalilin jinkirin shi ne akwai mutum ɗaya da ya kamata ta ji wannan labari kafin jama'a su karanta shi a takarda, domin a ƙasarmu ba a barin uwa ta tsinci mutuwar ɗanta a bakin masu wucewa. Wannan mutum ita ce Inno, tsohuwar Bafulatanar da ta shayar da marigayi, wadda ke zaune a wata ruga cikin dajin da ke bayan Maradun. Mun neme ta kusan mako biyu ba mu same ta ba. A iya saninmu, har wannan lokaci da ake rubuta takardar nan, ba ta san ɗanta ya rasu ba, kuma tana jiransa.

An haifi Malam Falalu a Tungar Maje, wata 'yar ƙaramar tunga ta bakin gulbi wadda yau ba ta nan, a gidan Malam Ɗan Juma mahauci, Allah Ya jiƙansa. Mahaifiyarsa ta rasu yana da kwana goma sha ɗaya, sai Inno, wadda ke kawo nono tungar kullum da goyonta a baya, ta ajiye ƙwaryarta ta karɓe shi, ta shayar da shi tare da nata ɗan har aka yaye su. Nata ɗan bai yi tsawon rai ba, ba ta kuma sake haihuwa ba, don haka marigayi shi kaɗai ya rage mata mai kiranta uwa a duniya. Da ya tasa, mahaifinsa ya sa shi koren shanu, ana sayen bijimi a kasuwar Mafara ranar Talata, shi kuma ya kora shi a ƙafa zuwa Damri ko Bakura ko Jangebe, duk inda mahautan can suka yi ciniki. A wannan aiki ne ya koyi gudu, ba a filin makaranta ba, don bai taɓa shiga aji ba. Ya sha gaya mana cewa idan sa ya ɓalle ya nufi daji, wawa ne ke binsa da ƙarfi, domin kafin a yi nisa wawan ya zube yana haki, sa kuwa yana can yana kiwo. Shi dai sassarfa yake yi a bayansa, ba ya matsowa kuma ba ya barin ya ɓace masa, har rana ta take, har bijimin ya gaji da ganinsa ya tsaya ya miƙa wuya a sa masa igiya. Duk abin da ya koya mana daga baya, idan aka tace shi, wannan darasin ne.

Da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya kankama, ruwa ya tashi ya ci Tungar Maje da gonakinta da maƙabartarta, mutanenta suka watse wuri tara, wasu a sabon mazauni, wasu wajen dangi a Bakura, wasu a bukkoki a gefen gonakin mutane, wasu kuma ko sallama ba su samu yi wa maƙwabtansu ba. Tsofaffin hanyoyi suka nutse, sababbin da aka shata suka bi magudanan noman rani suna zagaye, mota ba ta zuwa inda talaka ya koma. A waɗannan shekaru, idan aka yi rasuwa ko haihuwa a cikin mutanen tungar, Malam Falalu ake aikawa, shi kuwa sai ya ɗaura ɗan gorarsa a ƙugu ya fita bayan asuba, ya bi wurare taran nan ɗaya bayan ɗaya, don a samu masu sallar gawa kafin la'asar. Ba a taɓa ɗora masa wannan aiki a hukumance ba, babu kuma wanda ya taɓa ba shi takardar yabo a kai. Abin da ya faru a yankinmu a shekarar 1980 tsakanin manoma da 'yan sanda a kan madatsar, wanda kowa ya sani kuma ba mu da ƙarfin maimaita shi a nan, ya same shi a kan ƙafarsa. Kwana goma sha biyu ya yi yana zagaya ƙauyuka, yana gaya wa wannan gida cewa nasu yana raye a wuri kaza, yana zama a ƙofar wancan gida ya yi shiru har masu gidan su gane da kansu. Akwai tsofaffi a Maradun da har gobe idan suka tuna shi suna shigowa gari da ƙura a ƙafa sai gabansu ya faɗi, kuma duk da haka sun zo jana'izarsa sun yi kuka.

A ƙarshen wannan shekara ne ya tara mu, mu bakwai, a ƙarƙashin wata rumfa a bayan mahauta, ya ce ƙafa ɗaya ba za ta ishi ƙasar da ta watse haka ba. Cikinmu akwai malaman makaranta biyu, da mahauta biyu, da mai gadin magudanar ruwa, da tela, da mai sa hannu a wannan takarda. Mutanen gari suka sa mu a baki, suka ce ba su taɓa ganin magidanci mai iyali yana gudu babu mai korarsa ba, in ba ɓarawo ko mai taɓin hankali ba. Matan da ke daka suka riƙa tambayarmu wa ya mutu, 'yan acaɓa suka riƙa yi mana tayin kujera kyauta. Mai Girma Sarkin Fawa ne ya rufa mana asiri, ya fito fili ya ce ƙungiyar tasa ce, aka ɗan sassauta mana. Yau muna da mutum talatin da huɗu a garuruwa uku, kuma babu ɗaya a cikinsu da marigayi bai fara koya wa tafiya ba kafin ya koya masa gudu. Sau biyu ƙungiya ta matsa masa ya je gasar gudun dogon zango a Sakkwato, ya zo na huɗu, ya sake komawa ya zo na biyu, a karo na uku ya ƙi zuwa. Ya ce kwalta tana cin tafin ƙafa, kuma ya kasa gane amfanin mutum ya yi mil ashirin da shida ya dawo daidai inda ya tashi ba tare da ya gaishe da kowa ba.

Horonsa ba shi da ado, kuma ba za mu yi masa ado ba don ya rasu. Sabon shiga yakan yi wata guda yana tafiya kawai, daga Mafara zuwa Jangebe ya dawo, ba a yarda ya ɗaga ƙafa ba, wanda ya ƙosa a wannan watan an san ba zai daɗe ba. Bayan haka sai sassarfa, da sharaɗin mutum ya iya amsa gaisuwa cikakkiya yana tafe, tun daga ina kwana har ina gajiya har yaya iyali, in numfashinsa ya sarƙe kafin ya kai ƙarshe, to ya yi sauri da yawa, sai a mayar da shi baya. Ruwa kurɓa uku ne a kowace mashaya, ba a cika ciki. Guzuri dabino ne da ƙuli-ƙuli, ba ya yarda da fura sai an sauka. Ranar Asabar yakan kai mu rairayin gulbi mu yi ta dambe da shi har cinyoyinmu su yi rawa, ranar Litinin kuma duwatsun da ke hanyar Maradun, inda ya koya mana saukowa da gajerun taku, don ya ce hawa ba ya karya mutum kamar sauka. Da azumi ba ya ɗage horo, sai dai ya mayar da shi gab da faɗuwar rana. Shi kansa bai taɓa sa takalmi don gudu ba, tafin ƙafarsa ya yi kauri har ƙaya na karyewa a kai. Mu kuwa duka masu takalmin kambas ne, yakan dube mu ya girgiza kai, ya ce mun rufe wa ƙafafunmu ido.

Abin da ya fi riƙewa, wanda kuma ya bambanta ƙungiyarmu da duk wadda muka sani, shi ne bai yarda a yi gudu babu saƙo ba. Kafin a tashi sai ya bi mu ɗaya ɗaya ya ba kowa abin da zai kai: wannan gaisuwa ga wani mara lafiya a Damri, wancan ƙullin magani ga wata tsohuwa a Bakura, wani kuma labarin suna ko ɗaurin aure. In babu saƙo a gari, sai ya ƙirƙiro, ya ce a je a tambayo wane ko akuyarsa ta haihu. Dalilinsa shi ne mai gudu don kansa yana da izinin zama duk lokacin da ya ga dama, amma wanda ake jira ba shi da wannan izini. Bai taɓa yi mana alkawarin cewa gajiya za ta daina zuwa ba. Ya ce tana zuwar masa shi ma a kowace tafiya, kusan a wuri ɗaya, yakan kuma bar ta ta yi ta magana kamar maƙwabci mai mita, ba ya musu da ita kuma ba ya zauna mata. Idan aka tambaye shi me yake nema a wannan wahala, sai ya ce tun da ruwa ya ci garinsu bai da inda zai nuna ya ce nan ne gida, to hanyoyin da ke tsakanin mutanensa su ne suka rage masa, in ya daina bin su ciyawa za ta rufe su. Ba mutum ne mai yawan dariya ba, kuma a shekarun nan na baya mun ga gajiyar ta fara zama a fuskarsa ko da yana zaune.

Babban gudun mako shi ne na ranar Alhamis, kuma a nan ne laifinmu ya fara, shi ya sa ya zama dole mu bayyana shi dalla-dalla. Mukan tashi daga Mafara bayan sallar asuba, mu bi burtalin shanu mu wuce Maradun, har mu kai wata tsohuwar tsamiya da ke mararrabar burtali uku, kimanin mil goma sha biyar daga gida. A nan kowa ke zubewa. Marigayi kuwa sai ya kurɓi ruwa, ya gyara ƙullin da ke ƙugunsa, wanda maiɗakinsa ta ɗaure masa tun daren jiya, goro da gishiri da kanwa, ya wuce shi kaɗai zuwa wajen Inno. Ruwan madatsar ya ci fadamar da danginta ke kiwo, don haka rugarsu ta shiga yawo, farin bara kuma ya sa ta tashi sau uku, amma duk inda ta koma yana biye da ita. Yakan dawo mana bayan azahar da ɗan man shanu a gora, ya same mu mun yi barci mun tashi, wasunmu ma sun tare motar itace sun koma gida. Ya gaya mana idanunta sun yi rauni, amma tun daga nesa take gane takunsa, kafin ya yi sallama ta riga ta sa an kawo ruwa. Kusan kowane mako sai ya ce wani ya taso ya raka shi ko sau ɗaya, mu kuwa kowane mako sai mu ce sai Alhamis mai zuwa, idan ƙafa ta ƙara ƙwari. Shekara uku da wata uku muna faɗin haka a inuwar tsamiyar nan, mutum talatin da huɗu, babu ɗaya da ya taɓa taka mil ɗaya a bayanta.

Gudunsa na ƙarshe shi ne na Alhamis, ashirin da uku ga watan jiya. Ya dawo yana jin sanyi a tsakiyar zafin rana, kashegari ya kwanta, zazzaɓi da ciwon ciki suka haɗu suka kayar da shi. Ranar Asabar, kwana biyu kafin rasuwarsa, Mai Girma Sarkin Fawa da Shugaban Ƙungiya da mai sa hannu a wannan takarda suka je duba shi. A nan ya zama wajibi in ajiye harshen ƙungiya in yi magana da bakina, ni Balarabe, domin ni ya kira. Ya ɗago hannu da ƙyar ya ce, "Balarabe, matso in gaya ma. In kunka wuce tsamiya, ku tuɓe takalmi. Wurin da ƙasa tay yi sanyi, nan za ku karkata." Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na yi abin da aka tarbiyyantar da mu mu yi a gaban mara lafiya, na kama hannunsa na ce ya bar irin wannan magana, sauƙi na nan tafe, Alhamis mai zuwa shi zai kai mu da ƙafarsa. Sarkin Fawa ya ce amin, Shugaba ya ce amin, maiɗakinsa daga bayan labule ta ce amin. Ya dube ni, sannan ya nemi a ba shi ruwa, bai sake tayar da zancen ba. Ban ji dama ba, ban ji hagu ba, ban ji burtalin da ya ce a bi ba. Na ɗauka ladabi nake yi, ashe wasiyya na katse, kuma zan kwana da wannan har ranar da za a kai ni inda aka kai shi.

Tun daga ranar sadakar uku ƙungiya ba ta zauna ba. Alhamis ta farko mutum goma sha huɗu suka je tsamiya suka rabu uku, masu bin burtalin tsakiya suka tarar da kufan ruga, turakun maruƙa da busasshen kashin shanu, ba kowa. Muka hau babura muka shiga daji, duk makiyayin da ya hango mu sai ya kaɗa shanunsa ya yi gaba, wanda muka cim ma kuwa sai ya ce shi baƙo ne, jiya ya sauka. Ba mu zarge su ba, don shekarun nan sun koya wa kowa cewa baƙon da ke tambayar inda mutane ke kwana ba alheri ya kawo ba. Muka bi masu tallan nono a kasuwannin Maradun da Jangebe da Damri, sai muka tarar ba mu san sunan mijinta ba, ba mu san Arɗonsu ba, ba mu ma san sunanta na yanka ba, domin marigayi bai taɓa kiranta da komai ba sai Inno, kuma kusan kowace ruga tana da tata Inno. Maiɗakinsa rabonta da ganin tsohuwar tun kafin ruwa ya tashi. Alhamis ta biyu muka koma a ƙafa, rana ta buɗe, mutum biyu suka faɗi, gwiwar Shugaba Malam Yari ta kumbura har sai da aka ɗauko shi. Don kada mu ɓoye komai, a ranar mun tuɓe takalman kamar yadda ya ce, muka yi taku kamar ɗari, ƙasa ta ƙone mu, ƙarangiya ta shige mu, muka zauna muka mayar da su. Mun gaji, gajiya irin wadda ba mu taɓa yi ba a duk shekarun da muka yi a bayansa, kuma babu wanda zai juyo ya ce mana saura kaɗan.

A madadin Uban Ƙungiya, Mai Girma Sarkin Fawa Alhaji Jibo Nagode, da Shugaba Malam Yari Damri, da dattawan ƙungiya, da dukan 'ya'yanta na garuruwa uku, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakin marigayi, Malama Kaltumi, wadda ta yi shekara ashirin da biyu tana dafa ruwan gashin ƙafa ba ta taɓa ƙorafi a gabanmu ba, da 'ya'yansa biyar, da babbarsu Malama Hadizatu da maigidanta, da ɗaukacin zuriyar Malam Ɗan Juma, da jama'ar mahauta na Talata Mafara, da mutanen Tungar Maje a duk inda ruwa ya jefa su. Muna kuma gode wa masu girma iyayen ƙasa na Mafara da Bakura da Maradun, da limamai da malamai, da suka aiko da wakilai da addu'o'i. Muna roƙon Allah Mai rahama Mai jinƙai Ya gafarta wa Malam Falalu kurakuransa, Ya sanya kowane takun da ya yi don sada zumunci a mizaninsa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya hutar da shi hutun da bai samu a duniya ba, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari, Ya shirya su, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Muna roƙon iyalai su yafe mana jinkirinmu, su kuma yafe wa mai sa hannu abin da ya faɗa a sama.

A ƙarshe, ƙungiya tana da roƙo ɗaya ga jama'a, kuma shi ne ainihin abin da ya tilasta mana fitar da wannan takarda duk da tsoron da muke yi kada ta riga mu isa. Duk wanda ya san wata ruga a dajin bayan Maradun inda wani mutum dogo, siriri, mara takalmi, yake zuwa kowace Alhamis da hantsi ya gaishe da wata tsohuwa mai raunin ido, muna roƙonsa don girman Allah ya same mu a gindin tsamiyar mararraba, ko ya sanar da Sarkin Fawa, ko ya gaya wa kowane mahauci a kasuwa, saƙon zai iso mu. Abin da muke ƙara roƙo shi ne kada ya gaya mata. Mutumin da ya yi shekaru yana kai wa mutane labarin mamatansu har ƙofar gida, yana zama tare da su har su gama kuka, bai cancanci uwarsa ta ji nasa a bakin rijiya ba.

Gobe Alhamis, ta huɗu ke nan da tsohuwar za ta sa a ajiye ruwa tun rabonta da jin takunsa. Malama Kaltumi ta ɗaure ƙullin kamar yadda ta saba, ta canja goron da ya bushe, ta miƙa wa ƙungiya. Mutum goma sha ɗaya ne suka rage masu sauran ƙafa, da mai sa hannu a cikinsu, za mu tashi daga Mafara bayan sallar asuba. An yanke shawara cewa za a bar takalma a gindin tsamiya a hannun Shugaba, wanda ba zai iya tafiya ba, don kada wani ya samu abin mayarwa, kuma babu mai juyowa sai an sami inda ƙasa ta yi sanyi. Ba mu shirya abin da za mu ce mata ba, mun gwada mun kasa. Wataƙila ma ba za a kai ga magana ba, domin matar da ke gane ɗanta da taku tun daga nesa za ta ji ƙafa ashirin da biyu suna tahowa, ta saurara, ta rasa tasa a ciki.

Allah Ya jiƙan Malam Falalu. Allah Ya kai mu wurinta.

Sa hannu:
Malam Balarabe Ɗan Asabe Jangebe
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar 'Yan Gudun Daji ta Mafara, Bakura da Maradun